Layi Uku a Gayaunar Inna

Ƙarfi, 16 ga Fabrairu

Ƙawata Glory,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya ƙalau kamar yadda ta bar ni. Yaya karatu, yaya fama da waken makarantar kwana? Mahaifiyarki Mama Matta ta ce kin rame har wuyanki ya ƙara tsawo. Ita za ta kawo miki wannan ranar ziyara, tunda makarantar taku ta ɗauki waya kamar kayan sata.

Littafin da kika bar mini na karance shi sau biyu, kuma sau biyun na yi kuka a wurin da ya bi ta tasha ya tarar mota ta tashi. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Kin san gayaunar mahaifiyata Inna, 'yar gonar nan ta gefen hanyar Malumfashi da aka yankar mata daga gandu tun tana amarya, inda muke zama ƙarƙashin ɗorawa muna cin ɗanyar gyaɗa. Shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma tun daga lokacin wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe dawa, ta mamaye wurin. Bara Baba ya shuka dawa, ko dami biyu bai ɗaure ba. To ranar Juma'a Baffa Maiwada, yayan Baba da gandu ke hannunsa, ya shigo ya ce ƙasar ta mutu, zai bai wa masu tifa su kwashe ta su yi ciko kafin damina ta zauna. Kin ga abin da suka yi wa filin bayan kasuwa, rami ne yanzu sai kwaɗi. Ina bayan ƙofa ina ɓarar gyaɗa na ji Baba ya ce, to Yaya. Shi ke nan abin da ya ce. Ni kuwa kin san ni, ko gaisuwa na zo yi wa Baffa a gurguje nake yi in gudu. Amma a raina na ce ba za a yi ba.

Ran Litinin Malama Judith ta bayoloji ta tarar da ni a aji lokacin tara ina hawaye a kan littafi, ta ɗauka labarin ne. Da na gaya mata sai ta ja ni ofis ta buɗe kwamfutarta. Ashe tana digiri na biyu, kuma akwai wata ƙofa a intanet da masu bincike ke shiga. Glory, ba kamar shafukan da muka sani ba ce. Ciki akwai rahotannin bincike dubbai, da hotunan ƙwayoyin halitta da aka ɗauka da manyan madubai masu ƙara girman abu, da wasu manhajoji da za ki ba su hoto su yi miki ƙirga, da zauren da kowa ke jefa tambaya. Ta ce ɗalibai ma suna iya rajista in malami ya tsaya musu. Da aka zo gurbin da ake rubuta cibiyar da mutum ke bincike, ta tafi amsa kiran shugaba, ni kuma na rubuta Gayaunar Inna, Ƙarfi. Suka karɓa!

Bari ki ji abin da na gano, don na rantse ya fi duk littattafanmu. Idan dawa ta ji yunwa, ƙwayoyin halittar da ke saiwarta sukan saki wani sinadari cikin ƙasa. Wasiƙa ce, zuwa ga wata fumfuna mai siraran zare da ke taimaka mata jawo abinci. Ita kuwa ƙwayar irin wuta-wuta tana nan kwance, 'yar ƙarama kamar ƙura, tana iya jira fiye da shekara goma. A cikin ƙwayoyin halittarta akwai wani abu kamar kwaɗo da wannan sinadarin kaɗai ke buɗewa. Da wasiƙar ta gifta sai ta tare ta, ta farka, ta miƙa saiwa ta huda ta dawa ta yi ta zuƙa. Har bidiyo na gani, sun sa wani abu da ke haske kore daidai lokacin da saƙon ya shiga. Na ce wa Malama ai wannan ita ce muguwar ƙawar nan da ke buɗe wasiƙar da ba tata ba. Ta yi dariya har ta tuntsurar da kofi.

Ƙasar ba ta mutu ba ke nan, ɓarauniya ce a cikinta. Yadda zan gaya wa Baffa ne ban sani ba tukun.

Ki gaida Yabo 'yar ɗakinku. Ki ci abinci don Allah.

Taki har kullum,
Najiba

Ƙarfi, 23 ga Maris

Glory tawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya shirin jarrabawa? Amsarki ta iso, na gode da addu'a. Mu nan muna ta azumi, zafi kuwa ba a magana. Kin ce in yi hankali kada in zama mahaukaciyar ciyawa. Kin makara.

Ga inda aka kwana. A ƙofar nan ta intanet na karanta cewa akwai amfanin gona da ke aika irin wannan saƙon amma wuta-wuta ba ta iya kama saiwarsu, kamar auduga da waken suya. Sai ta farka ta fito da murnarta, ta rasa wanda za ta maƙale wa, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Masu binciken har sun ƙera saƙon bogi a ɗakin gwaji don su yaudare ta, amma wannan bai iso mu ba. Auduga kuwa ai gidanta aka zo. Na ce sai na gani da idona, don Baffa ba zai saurari wai-wai ba.

Matsalar ita ce iri, don da rani ba ta tsaye a gona. Sai na tuna da furannin da nake matsewa cikin littattafai. Na zazzage akwatina, na sami tsofaffin rassan wuta-wuta tsakanin shafuka, na girgiza su a kan farar takarda, sai ga ƙurar iri. Ki duba fa, cikin littafin soyayya. Malama ta ba ni farantan gilashi biyu da takardar tace ruwa. Na shuka angurya a gwangwanin madara cike da yashi, da ta tsiro na tara ruwan da ya bi ta saiwarta, na ɗiga wa irin. Bayan kwana biyu muka ɗora a madubin ƙara girma na makaranta, wanda ido ɗaya ne kuma sai an tallafe shi da littafin rajista, na kafa wayar Malama a bakinsa na ɗauki hoto, na ba manhajar ƙirga.

Sifiri. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Kwana uku ban shiga ofishin ba. Na ce ga shi nan, ke da ba ki iya kallon mutane a ido ba, ina ke ina bincike. Amma ranar na huɗu na bi ta gayaunar na ga an kafa turaku huɗu da jan ƙyalle, alamar masu tifa sun zo awo. Ban san lokacin da na tuge ɗaya na wurga cikin kwata ba. Daga nan makaranta na nufa, na sa hotona a zauren tambaya, na rubuta da Turancina mai ɗingishi cewa ga abin da na yi, ina na kuskure?

Wata Dakta daga Kenya ta amsa washegari. Ta fara da Ya abokiyar aiki. Ni! Na karanta wajen sau goma. Ta ce irin ba ya jin kira haka kawai, sai ya kwana kamar mako biyu a jiƙe cikin ɗumi da duhu, kamar yadda yake samu a farkon damina, sannan kunnensa ke buɗewa. Ta ce kuma in ajiye faranti ɗaya da ruwa zalla don in gwada bambanci. A ƙarshe ta tambaya wace cibiya ce Gayaunar Inna, ba ta taɓa jin ta ba. Na ce mata ƙarama ce, ma'aikaciya ɗaya gare ta.

Yanzu farantan suna cikin tsohuwar tukunyar Inna a ƙarƙashin gadona. Goggo Hansai ta ga ina leƙa su safe da yamma ina murmushi, ta ce wa Baba a bincike ni, wai ko wani ya ba ni abin mallaka in ajiye. Na bar ta da zarginta.

Tunda ba za ki zo hutun Ista ba saboda darasin jarrabawa, na ba Mama Matta ƙuli-ƙuli ta kawo miki. Kada ki rabar duka.

Ƙawarki,
Najiba

Ƙarfi, 27 ga Afrilu

Zuwa ga Glory,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki barka da Ista ko da ta wuce. Da fatan kina lafiya, ke da malamanku. Mu ma lafiya, sai dai zuciyata ba daɗi.

Ya yi, Glory. A farantin ruwa zalla babu ko ƙwaya ɗaya da ta tsiro. Na ruwan auduga kuwa, cikin ƙwaya ɗari da goma sha biyu manhajar ta zagaye arba'in da bakwai da koren layi. Na sa ido a madubi na gan su, kowace ta fito da ɗan farin zare tana lalube. Bayan kwana biyar duk sun yi baƙi sun lanƙwashe. Har tausayi suka so ba ni, sai na tuna dawar Baba.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ke zan fara gaya wa. Daktar ta turo mini wani rahoto, a ciki na ga cewa tushe ɗaya na wuta-wuta in aka bar shi ya gama fure yana zubar da iri dubu hamsin ko fiye. Nan take abin ya faɗo mini. Kin tuna daminar da Inna ta rasu? Dawarta na tsaye, wuta-wutar ta fito jefi-jefi kamar kowace shekara, wadda a da Inna ke tugewa tun kafin ta yi fure ta ƙone. Baba ya zo zai tuge, ni kuma na riƙe masa riga ina kuka na ce ya bar su, furannin sun yi kyau, kamar gonar ce ta yi wa Inna kwalliya. Ya bar su. Na yi ta zuwa ina zama cikinsu da littafi ina jin kaina kamar wata a labari, har na matse wasu na ajiye. Ni na shuka ta, Glory. Ba ƙasa ce ta gaji ba, ba kuma bakin mutane ba ne kamar yadda Goggo ke cewa. Ni ce.

Na yi kukan da zan yi. Da na gama sai na ga abin ya ma ƙara mini taurin kai. In ni na ɓata, ba za a haƙa rami a binne laifina a ce ƙasa ce ta mutu ba.

Na tambayi Daktar ko auduga za ta gyara gonar a damina ɗaya. Ta ce a'a, kada in yaudari kaina. Sai an jera shekara uku ko fiye ana juya auduga da waken suya, ana zuba taki, ana tuge duk wadda ta fito kafin ta yi fure, kuma ko a haka raguwa za ta yi, ba ƙarewa ba. Na so ƙwarai in ce wa Baffa shekara ɗaya. Na yi ta juya ƙaryar a bakina har ƙofar zaurensa, na kasa.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa hotunan da Malama ta buga mini a takarda. Na faɗi komai, har da shekara ukun. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce wannan ƙwan kwaɗi ne ko me? Mutanen zauren suka kwashe da dariya. Ya ce shi ya yi shekara arba'in yana noma kafin a haifi kwamfuta, kuma auduga ba baƙuwarsa ba ce da 'yar cikinsa za ta koya masa. Wai in koma in ci gaba da karatun masoyana, gona ba littafi ba ce. Ya ce masu tifa za su zo Asabar ta ƙarshen watan gobe, magana ta ƙare.

Na ce masa, Baffa, ƙasar tana da rai. Da ƙarfi na faɗa, har ni kaina na tsorata. Ya ce tashi ki ba ni wuri. Na tashi, amma ban ce to ba. Ki lura da wannan, ban ce to ba.

Ki sa ni a addu'a in kin je coci, ni ma kina cikin tawa. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa.

Taki,
Najiba

Ƙarfi, 2 ga Yuni

Ƙawata ta kaina,

Gaisuwa da fatan kin fito lafiya daga takardun da kuka rubuta, Allah ya sa a ga alheri. Ki yi haƙuri da rubutun nan, tafin hannuna duk kanta ne, biron ma da ƙyar nake riƙe shi.

Kin san a garin nan ba a taɓa gonar da shuka ta tsiro a cikinta. Ko rigimar iyaka ake yi, sai a ce a bari a kawar da amfani tukun. Da wannan na kama su. Sai dai ruwan bana ya yi nawa, yayyafi biyu aka yi ya ɗauke, ba wanda ya fara shuka. Na san in na binne iri a busasshiyar ƙasa Baffa zai ce bai ga komai ba. Sai ya ga kore.

Saura kwana tara tifa ta zo na auni angurya a gwangwani daga ragowar ta Baba, na je bayan sallar asuba na sara layi uku tun daga bakin hanya, daidai inda mota za ta shiga, har gindin ɗorawa. Rami sittin da huɗu. Sannan na fara jido daga rijiyar makarantar firamare, bokiti takwas da safe kafin in tafi aji, takwas bayan la'asar. Matan unguwa suka fara cewa 'yar Malam Lawal ta yi saurayi a hanyar Malumfashi, kullum tana can da bokitin ƙarya. Da a da ne da na shige ɗaki na mako guda. Wannan karon har gaishe su nake yi in wuce. Rana ta biyar ƙasa ta tsage. Rana ta bakwai kowane rami ya buɗe 'yan ganye biyu kamar tafin jariri, sai guda tara da suka ƙi.

Asabar da hantsi tifa ta iso da mutum huɗu da shebur, Baffa na gaba a kan babur. Ina tsaye a tsakiyar layin da bokiti. Ban tanadi jawabi irin na littafi ba, ko na tanada ma da ya gudu. Direban, wani Kabiru mutumin Bakori, ya sauko ya tsuguna ya taɓa ganyen da yatsa. Ya ce, Alhaji, ai ba ka ce mini da shuka a wurin ba. Baffa ya ce wace shuka, wasan yara ne, layi uku ne fa, ya taka ya wuce. Kabiru ya ce ko layi ɗaya ne shi ɗan manomi ne, tayarsa ba ta hawa kan tsiro, in mahaifinsa ya ji sai ya tsine wa motar. Ya dube ni ya ce, Hajiya ƙarama, da rani kike noman auduga? Na ce eh. Ya ce to Allah ya ba da yabanya, ya juya motarsa. Masu shebur suna ta dariya a baya.

Abin da Baffa ya faɗa mini ba zan rubuta ba. Har yau ba ya amsa gaisuwata, kuma ya ce da an cire audugar tifa za ta dawo. Wataƙila ta dawo ɗin. Na rubuta wa Daktar, ta ce layi uku ba za su yi wa gona komai ba, sai an shuke ta duka. Na sani. Ni dai damina ɗaya na ƙwato.

Wanda na fi tsoro shi ne Baba, don a bainar jama'a na saɓa wa yayansa. Da yamma na same shi yana gyaran ƙotar garma. Na durƙusa na ce ba haƙuri na zo bayarwa a kan shukar ba, wani laifin na zo faɗa. Na gaya masa zancen furannin da iri dubu hamsin, na ce ni na kashe gonar Inna.

Ya ajiye ƙotar a gefe. Sannan ya ce, Najiba, kina tsammani ban san abin da furen wuta-wuta ke yi ba? Ya ce tun yana yaro ya sani. Ya ce ba don kukana kaɗai ya bari ba, shi ma a shekarar ya kasa sa hannu ya tuge komai a wurin da ta taka. Ya ce ke a lokacin kina da shekara goma sha uku, ni fa?

Ban taɓa jin Baba ya yi maganar Inna haka ba. Na rasa inda zan sa idona.

Jiya Lahadi aka yi ruwan farko na kirki. Da gari ya waye na ɗauki gwangwanina na fita, sai na tarar da shi a ƙofar gida da buhun angurya a kan keke. Bai ce mini komai a kan Baffa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya miƙo mini 'yar fartanyar Inna, wadda na ɗauka ta ɓata tun shekara uku, ashe tana cikin rumbunsa. Ya ce in wuce gaba in nuna masa tazarar da mutanen kwamfutar suka ce. Na ce ba su faɗa ba, wannan shi ya sani. Ya ce to ashe da sauran aikinsa.

Mun shuke ta tas kafin azahar. Da na koma ƙofar nan ta intanet yau na gyara bayanina, cibiyar tana nan yadda take, amma ma'aikata sun zama biyu.

In kin dawo kada ki zo mini da littafi kawai, ki zo da tsohon zane, akwai noman farko. Ki gaida Yabo da kyau.

Taki har abada,
Najiba Lawal